Me ya sa mitar gidanku ba ta manta yunit idan an ɗauke wuta?

Ka tuna ƙarshen watan Oktoba na 2024? Lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu cajin waya suka zama manyan mutane, kowa a Facebook ya koma masanin layin wutar Shiroro. Mu a Hotoro, ranar da wutar ta dawo, yara na ta ihun "Nepa!" a lungu, ni kuwa gaban mita na nufa. Yunit ɗin da na bari kafin duhun suna nan yadda suke, ko ɗigo bai ɓace ba.

Na san za ka ce to mene ne abin mamaki a nan. Tsaya ka duba. Na'urar nan da wuta take rayuwa, kuma ta yi kwana da kwanaki ba ta ga wutar ba. Kwamfutarka idan ta mutu kana tsakar rubutu, abin da ba ka adana ba ya tafi ke nan. To ita mita a ina ta ajiye lissafin kuɗinka, kuma yaushe ta samu damar ajiyewa, tunda ba sanarwa ake yi mata kafin a ɗauke ba?

Idan kana cikin matasan da ke sayen Arduino ko ESP32 suna haɗa 'yan na'urori, ko kina ajin ƙarshe a BUK ko Kano Poly kina fama da furojet, amsar tambayar nan ita ce bambancin na'urar da za ta burge malami ranar gwaji da wadda za ta yi shekara tana aiki a gidan mutane. Idan kuma ba ruwanka da waya da dalma, zauna dai, kuɗinka da kalmar sirrinka suna cikin maganar.

A cikin mitar akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai farcen babban yatsanka ba. Masu gyara su ce ai-si, injiniyoyi su ce maikurokontirola. Irinta ce a cikin na'urar POS ta bakin titin Maiduguri, da iyafis ɗin Bluetooth da ke kunnenka, da tirakar da masu Adaidaita Sahu ke ɓoyewa a jikin keke, da solar nan ta biya-kaɗan-kaɗan. Ma'ajiya iri biyu take amfani da su. Ta farko RAM, mai sauri, amma kamar lissafin da mai shayi ke riƙewa a ka ne: da zarar wuta ta yanke, komai ya goge. Ta biyu ita ce littafin bashinsa, wanda ko ya yi barci ya tashi rubutun na nan. Wannan ita ce ma'ajiya marar mantuwa, wato filash da 'yar uwarta EEPROM. Wani injiniyan kamfanin Toshiba ɗan Japan, Fujio Masuoka, shi ya gabatar da filash a 1984, kuma ita ce dai a cikin memorin wayarka. Idan ka kai waya Farm Centre aka ce sai an yi mata filashin, wannan ma'ajiyar ake gogewa a sake rubuta mata manhaja.

Hayaniyar tokin ta 2024

Wata ɗaya bayan wancan duhun, wata rigimar ta taso. Kamfanonin raba wuta, har da KEDCO, suka yi ta shelar cewa kowa ya sabunta mitarsa kafin 24 ga Nuwamba 2024. Aka ba mutane tokin biyu na musamman, kowanne lamba 20, aka ce a danna su bi da bi. Da yawa sun danna ba su san me suka yi ba, wasu kuma suka ɗauka wata dabarar cin yunit ce.

Ga abin da ya faru. Tsarin tokin ɗin, mai suna STS, daga Afirka ta Kudu ya samo asali. Kafin sabuntawar 2024, kowane tokin da ka saya yana ɗauke da wata lamba a ɓoye, wadda ba komai ba ce illa adadin mintunan da suka wuce tun daga 1 ga Janairu 1993 zuwa lokacin da ka saya. Mita tana rubuta lambobin tokin 50 na baya-bayan nan a ma'ajiyarta marar mantuwa. Shi ya sa idan ka sake danna tsohon tokin take ƙin karɓa, ko da an ɗauke wuta sau ɗari a tsakani. Da a RAM take ajiye su, da kashe mita da kunnawa kawai ya isa mutum ya loda tokin ɗaya har abada.

Matsalar ita ce gurbin da aka ware wa lambar mintunan ba ya ɗaukar fiye da 16,777,216. Raba wannan da mintunan shekara, za ka samu shekara 31 da wata goma sha ɗaya ba kaɗan. Ɗora a kan farkon 1993, sai ka faɗo daidai 24 ga Nuwamba 2024. Gurbin ya cika. Tokin biyun nan aikinsu shi ne canza mabuɗin sirrin da ke ajiye cikin mitar, su share tsohon jerin lambobin, a fara sabon ƙidaya daga 2014. Dalilin da ya sa aka ce ka loda duk tokin da ka saya a baya kafin ka danna su ke nan. Sabon ƙidayar shi ma zai cika wajen 2045, sai dai wannan matsalar 'ya'yanmu ce.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, wasu mutane sun zauna a farkon shekarun 1990 sun yanke girman wani ɗan gurbi, bayan shekara talatin hukuncin ya zo ya tsayar da magidanta a Tarauni gaban mita da tocila. Duk abin da ka rubuta a ma'ajiya marar mantuwa zai iya daɗewa fiye da tunaninka.

Na'urar da na yi wa Kawu

Yanzu bari in tona asirin kaina. Gidan kawuna a Gyaɗi-Gyaɗi akwai burtsatse da tanki a sama, kullum ana faɗa a kan wa ya bar injin ruwa a kunne har tanki ya yi ambaliya. Ni kuma lokacin na fara jin kaina injiniya. Na sayi allon NodeMCU mai ESP8266, na haɗa masa abin auna ruwa, ya riƙa kashe injin da kansa, yana kuma turo saƙo ta WiFi. Don in burge, na ce ya riƙa ƙirga daƙiƙun da injin ya yi yana aiki, yana adanawa kowace daƙiƙa, saboda kada a ɗauke wuta lissafi ya ɓace. Na ɗauka wayo na yi.

Sati bai cika ba aka ɗauke wuta, da ta dawo na'ura ta tashi ba ta san komai ba: tsawon tanki, iyakar cika, lissafin awoyi, duk sun tafi. Na sake saitawa. Bayan kwanaki ta sake. Na zargi wanda ya sayar mini da allon, har na yi masa magana mai zafi, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Daga baya ma ko an saita ba ta riƙewa daidai. Kawu ya fara tsokanata a gaban baƙi, wai na kawo masa na'urar da ta fi shi mantuwa.

Kuskure biyu na tafka a layi ɗaya na manhaja, kuma su ne kurakuran da kusan kowane sabon shiga ke yi.

Na farko, filash tana tsufa. A cikinta akwai 'yan ɗakuna miliyoyi da ake kulle cajin lantarki a ciki, kowanne da siririn bango. Duk gogewa ɗaya sai an tura cajin ta cikin bangon da ƙarfi, bangon kuma yana ɗan cinyewa. Yi ta yi, wata rana ɗakin ba zai ƙara riƙe komai ba. Masu ƙerawa ba sa ɓoye wannan, yana cikin takardar bayanin kowace ai-si, mu ne ba ma karantawa. ATmega328P da ke kan Arduino Uno, alal misali, an ba da tabbacin EEPROM ɗinta zuwa rubutu 100,000, filash ɗin da manhaja ke zama kuma 10,000 kacal. Filash ɗin da ke kan allunan ESP yawanci gogewa 100,000 ne ga kowane shafi. Lambar tana da girma a ido, ko? To rana ɗaya daƙiƙa 86,400 ce. Wato ni a kwana ɗaya da 'yan awoyi na aikin injin na cinye duk abin da kamfani ya yi alkawari. Sau da yawa ai-si tana wuce alkawarin nesa ba kusa ba, amma daga nan sa'a kake ci. Da sau ɗaya a awa nake adanawa, lissafi ɗaya ne zai ba ni sama da shekara 11.

Kada ka ji kunya idan ka taɓa yi, manya ma sun faɗa ramin. A farkon 2021 kamfanin Tesla ya janye motoci kusan 135,000 a Amurka saboda filash mai girman giga 8 da ke bayan allon gaban motar ta gaji da rubutu, allon ya riƙa mutuwa, kyamarar baya ta tafi da shi.

Kuskure na biyu shi ya fi shafar mu 'yan Kano. Filash ba ta yarda ka gyara harafi ɗaya a inda yake. Kamar allon makaranta ne da aka rubuta da tawada: idan za ka sauya, sai ka wanke fuskar gaba ɗaya ka sake rubutawa. A allunan ESP, fuskar nan shafi ne mai girman bayit 4,096. Manhajar EEPROM ta ESP8266 da na yi amfani da ita, duk lokacin da na ce ta adana, shafin nan dukkansa take wankewa sannan ta mayar da komai. Wankewar tana cin wajen kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin, tsohon rubutu ya tafi, sabo bai sauka ba. Idan aka ɗauke wuta daidai nan, shi ke nan, allo fari fat. Ni kuwa kowace daƙiƙa nake buɗe wannan ƙofar, ga shi duk saitin na'urar a shafi ɗaya yake da lissafin daƙiƙu. Kusan duk ɗaukewa ashirin, ɗaya sai ta same ni tsirara. A garin da ake wasa da wuta kamar fitilar biki, ɗaukewa ashirin ai ba ta da nisa.

Wanda ya rubuta darasin da na kwafa a intanet wataƙila a inda yake wuta ba ta yankewa sai shekara-shekara. Bai yi ƙarya ba. Ba don Hotoro ya rubuta ba ne kawai.

Ita mita ya take yi? Ba ta rubutu kowace daƙiƙa. Lissafin yana tafiya a RAM, ana adana shi lokaci-lokaci, sannan akwai ɓangaren da ke sa ido a kan ƙarfin wutar da ke shigowa. Da ya ga ta fara faɗuwa sai ya sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta yi amfani da ɗan cajin da ya rage a kafasita ta rubuta lissafin ƙarshe kafin ta mutu. Duk abin bai kai ƙiftawar ido ba. Kai ma za ka iya: kafasita mai ɗan girma a layin wutar allonka, da ƙafa ɗaya da ke auna wutar kafin ta kai kafasitar.

Dabara ta biyu ita ce kada ka taɓa goge tsoho sai sabo ya zauna. Ka ware gurbi biyu. Yau ka rubuta a na farko, gobe a na biyu, kowane rubutu da lambar jerinsa da lambar tantancewa, wato wani ɗan lissafi da ake fitarwa daga bayanan don a gane ko sun lalace. Idan na'ura ta tashi, ta duba duka biyun, ta ɗauki mafi sabo wanda lissafinsa ya yi daidai. Ko an yanke wuta a tsakiyar rubutu, mafi munin abin da zai faru shi ne ka koma lissafin jiya. Idan duka biyun sun lalace kuma, ta koma wani saiti na asali mara haɗari. A na'urar Kawu, mara haɗari yana nufin injin ruwa a kashe.

Abin daɗi, idan ESP32 kake amfani da shi, kamfanin Espressif na Shanghai ya riga ya yi maka yawancin wannan aiki. Akwai tsarin da suke kira NVS, wanda a Arduino za ka same shi da sunan Preferences. Shi ba ya wanke shafi don ka sauya lamba ɗaya. Yana rubuta sabon bayani a gurbi na gaba, ya yi wa tsohon alamar ya mutu, sai shafi ya cika, gurbi 126, sannan ya kwashe masu rai zuwa wani shafin ya wanke wannan. Karɓa-karɓa ke nan, irin wadda 'yan siyasa ke ta alkawari, sai dai ita wannan tana aiki. Gajiyar tana rabuwa a kan shafuka maimakon ta taru a wuri ɗaya. Amma fa kada wannan ya sa ka koma rubutu kowace daƙiƙa. Ka tambayi kanka: idan na rasa lissafin minti goma na ƙarshe, wa zai mutu? Idan ba kowa, to minti goma ya isa, kuma ka rubuta ne kawai idan lambar ta sauya.

Rediyon da ke jikin allon shi ma yana da nasa rikicin. Lokacin da WiFi ke tura saƙo, yana zuƙar wuta farat ɗaya, idan cajar da ka saka ta ɗari biyar ce ko wayar USB siririya, ƙarfin wutar ya faɗi na ɗan lokaci, allon ya sake tashi da kansa. Ga filash, wannan da ɗaukewar Nepa duk ɗaya ne. Haka ma lokacin da ake juya layi zuwa janareta, ko wuta ta zo rabi-rabi fanka na juyi kamar ba ta so. Gaskiya wutar da ba ta mutu ba kuma ba ta rayu ba ta fi ɗaukewa gaba ɗaya haɗari. Kada ka kashe mai gadin faɗuwar wuta da ke cikin ai-si don kawai saƙonsa ya dame ka, kamar yadda wasu ke ba da shawara a bidiyo. Sauya cajar.

Sai zafi. Takardar ATmega328P ta ce bayanai za su zauna shekara 100 a ma'aunin zafi 25, amma shekara 20 a ma'auni 85. Zafi yana taimaka wa cajin ya sulale daga ɗakinsa, ɗakin da ya gaji da gogewa kuma ya fi saurin zubarwa. Ka tuna wannan kafin ka kulle na'urarka a akwatin ƙarfe a saman kwano, a watan Afrilu na Kano.

Wa zai iya karanta littafin?

Har yanzu maganar kare ma'ajiya daga lalacewa muke yi. Akwai kuma kare ta daga mutane. Duk na'urar da ke hawa WiFi da kanta bayan an kunna, to ta ajiye kalmar sirrin a filash. Iyafis ɗinka da ke gane wayarka ba tare da an sake haɗa su ba, mabuɗin haɗin ne ya adana. A allon ESP da ba a kulle ba, duk wanda ya riƙe shi a hannu da wayar USB da manhajar esptool, wadda kyauta ce, zai iya kwafe filash ɗin kaf cikin 'yan mintuna. Kalmar sirrin WiFi na ciki a fili, tare da mabuɗin bot ɗinka na Telegram da ma manhajar da ka kwana uku kana rubutawa. A 2019 wani mai bincike ya fasa wani ƙwan fitila mai WiFi da ake sayarwa a kasuwannin Turai da Amurka, ya zaro kalmar sirrin gidan a rubuce ƙarara. Ƙwan fitila fa, irin wanda idan ya mutu bola ake jefa shi.

Don haka idan za ka miƙa furojet ɗinka ga sashe, ko ka ba aboki aron allo, ko ka sayar, goge filash ɗin gaba ɗaya tukuna. Umarni ɗaya ne. Idan kuma sana'a za ka yi, ka ce za ka riƙa sayar wa masu burtsatse ko masu gidan kaji na'urarka, ESP32 yana da tsarin rufa bayanan filash da mabuɗi, da kuma wanda ke hana shi tashi da manhajar da ba kai ka sa mata hannu ba. Mabuɗan suna zama a wani wuri da ake kira eFuse, wanda sau ɗaya ake ƙona shi, ba a gogewa. A nan nake so ka yi a hankali. Kuskure ɗaya a eFuse, allon ya zama abin danne takarda. Haka kullewa mataki na 2 a ai-sin STM32, ba ta da komawa baya, ko kamfanin ba zai buɗe maka ba. Ka koya a kan allon da za ka iya asararsa, kada ka fara da na kwastoma.

Sabunta manhaja ta iska, ba tare da ka je inda na'urar take ba, abu ne mai daɗi har ranar da data ta ƙare ko wuta ta yanke a tsakiya. Shi ya sa ESP32 ke raba filash gida biyu don manhaja: sabuwa tana sauka a gidan da babu kowa, tsohuwa na ci gaba da aiki, sai an tantance sabuwar sannan a juya. Akwai ma zaɓin da idan sabuwar ta tashi ta kasa tabbatar da lafiyarta, allon ya koma tsohuwar da kansa. Farashin shi ne manhajarka ba za ta wuce kusan rabin wurin ba. Wasu na cire gida na biyun don su samu fili. Idan na'urar tana kan teburinka, ba laifi. Idan tana saman tanki a Mariri kai kana Hotoro, kuɗin Adaidaita da tsani za su koya maka.

Na sake gina na'urar Kawu a kan ESP32. Lissafin awoyi yanzu yana sauka ne duk lokacin da injin ya tsaya, ko bayan kowane minti goma idan ya daɗe yana aiki, saitin tanki kuma ba a taɓa shi sai an sauya. Kafin in mayar da ita sama, na ɗauki ɗan autan gidan aiki, ladansa biskit. Na zaunar da shi gaban soket na ce ya yi ta zarewa yana mayarwa yadda ya ga dama, wani lokaci da sauri, wani lokaci ya bari sai ta fara tura saƙo. Na sa manhajar gwaji da ke adanawa ba ƙaƙƙautawa don yankewar ta riƙa samun ta a tsakiyar rubutu. Muka yi sau 60, ina duba lissafin bayan kowace tashi. A na 41 ta tashi da lambar da ta gabata maimakon ta ƙarshe, injin kuma yana kashe. Yaron ya ce a ƙara masa biskit idan ana so ya kai ɗari.